Wutar Murhun Gwaggo

Na Allah muke, wurinsa kuma kowa zai koma, da mai haƙuri da mai gardama. Gwaggo, yayar mahaifina, ta rasu ranar kasuwar Matameye da hantsi, lokacin da jakunan mutanen ƙauye suke shigowa gari da kaya. Ina riƙe da hannunta. Ta tafi kamar mai gyangyaɗi, sai da na kira ta ban ji ta ce "na'am, ɗiyata" ba, sannan na san an gama.

Abin da ya fara ƙona mini rai bakin masu gaisuwa ne. Sun zo, ba zan ci haƙƙinsu ba, tsakar gida ta cika da mata, zaure ya cika da maza. Amma kowa ya durƙusa sai ya ce, "Allah ya ba ku haƙuri," ya tsaya nan. Sauran maganar, wadda ake yi wa kowane mamaci ko da ɓarawon akuya ne, sai ta maƙale a maƙogwaro. Ban ji wanda ya ce "Allah ya jiƙanta" ba. Dalili kuwa kowa ya san shi: Gwaggo mabiyar Almasihu ce, ita kaɗai a garin nan kaf, mutane kuma ba su san abin da ya halatta su faɗa a kanta ba.

Sai kowa ya nemi abin da zai cike gurbin da shi. Wata ta ce, "Kai, mace mai tsabta." Wata ta ce, "Ba ta taɓa sayar mini da man jiya ta ce na yau ne ba." Wata tsohuwa mai baki kamar reza ta ce, "Da dai ta yi kalmar shahada," ta ja tsaki, sannan ta fashe da kuka har sai da aka riƙe ta. Wata amarya da ba ta daɗe da tarewa a unguwar ba ta dube ni ta ce, "To yanzu a ina za mu riƙa ɗibar wuta?" Aka harare ta. Ni kuwa duk cikin gaisuwar ranar nan tata ce ta fi shiga raina.

Baba, wanda malami ne kuma shi ke jan sallar unguwa, ya ɗauki 'ya'yansa maza suka haƙa mata kabari a bakin gonarsa, ƙarƙashin gawo. Ba a yi sahu ba. An ce mini ya daɗe tsaye bayan an mayar da ƙasa, ya ce, "Allah ya san abin da ke cikin ƙirji," ya juyo gida. Da ya shigo na ga rawaninsa ya kwance bai sani ba.

Mutum ɗaya ce ba ta zo ba, ita kuwa na fi duban hanya saboda ita: Innar Gabas. Haka muke kiranta don gidanta na gabas da namu, katanga ɗaya ta raba mu. Aminiyar Gwaggo ce tun suna 'yan mata masu tallar fura, sai dai shekaru sun yi nisa rabon da ƙafarta ta taka gidanmu. Gwaggo ta mutu tana jiran ta. Ina faɗin wannan labari ne don ina tsoron nan gaba kaɗan a manta da Gwaggo, ko a tuna ta da "tsohuwar nan mai addinin Nasara" kawai, alhali ni na san ta.

Ta auri wani falke mai kai kanwa kudu, suka zauna wajen Zariya. Can cutar agana ta shiga gidanta ta kwashe miji da 'ya'ya, ita ma ta bar mata zane a fuska. Waɗanda suka yi jinyarta a lokacin da kowa ke gudun ɗakin mabiya Almasihu ne. Ta dawo Matameye da ƙunshin tufa ɗaya, da wata 'yar fitilar kasko, da addinin da ba wanda ya aike ta ta ɗauko. Ba ta san baƙi ko ɗaya ba, na boko ko na ajami. Abin da ta ji ana karantawa a can shi ta riƙe a ka, tana maimaita shi da nata bakin, yadda mace ke maimaita waƙar daka.

Uwata ta rasu ina ƙarama, Gwaggo ce ta goye ni. Da aurena na garin Dungu ya mutu, ɗakinta na dawo, ban ƙara fita ba. Ba ta taɓa ja na zuwa hanyarta ba. Ita ce ma ke tashina da asuba, tana zungurata da ƙafa: "Tashi ki gaida Ubangijinki, malalaciya, zakara ya riga ki." In azumi ya zo, ita da ba ta yi, ita ce mai ɗumama mini tuwon sahur.

Sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, amma abin da aka san ta da shi wuta ce. Maza suna da ƙyastu a aljihu, to wace mace ce za ta tsaya ƙyasta dutse da sassafe yara na kukan yunwa? Kasko ake ɗauka a shiga maƙwabta a ɗebo garwashi. Murhun Gwaggo kuwa ba ya mutuwa. Tana da yadda take binne gungumen ƙirya cikin toka, ta jera busasshen kashin shanu a gefe, ta rufe. Ko ruwa ya kwana yana zuba, da safe in ta tona sai ka ga ja. Ta hana ni taɓa murhun, wai hannuna na gaggawa ne, wuta kuwa ba ta son mai gaggawa.

Farkon dawowarta mata suka ƙaurace wa gidan, aka ce kada a ci tuwon da aka dafa da wutar kafira. Innar Gabas ce ta karya wannan. Wata safiyar damina da duk murahun unguwa suka jiƙe, ta ɗauki kaskonta ta shigo a gaban kowa, ta fito tana cewa da ƙarfi, "Ni dai ban taɓa ganin wuta ta yi alwala ba. Mai son ɗanyen gari ya zauna." Kafin rana ta ɗaga mata sun yi layi a ƙofar madafarmu. Tun daga ranar Gwaggo take ware mata garwashi mafi kyau, tun kafin kowa ya zo. In ta shigo sai ta ce, "Ƙawa, an kwana?" Gwaggo ta ce, "An kwana, mai hana ni barci." Su zauna su ci naman duk mazan unguwa kafin kunu ya dahu.

Sai kuma fitilar. Kowace magariba Gwaggo takan zuba man gyaɗa a 'yar fitilar kaskon nan, ta murza auduga ta yi lagwani, ta kunna daga murhu, ta ɗora a kan katangar da ke tsakaninmu da Innar Gabas, wajen kusurwar da ke duban lungu. Hasken ya faɗa gidanmu, ya faɗa nasu, ya haska wa masu dawowa daga masallaci ramin da ke bakin lungun. Baba ya sha yi mata magana.

"Yaya, man nan da kike ƙona wa iska, ki shigar da fitilar ɗaki mana."

"Malam," in ji ta, don haka take kiransa in za ta tsokane shi, "ka taɓa ganin wanda ya kunna fitila ya kife ta da ƙwarya? In ka gan shi ka yi masa rubutun sha, ba shi da lafiya."

Baba ya yi dariya ya ce Allah ya shirye ta, ta ce amin, ya haɗa da shi. Haka suke. Ya yi mata wa'azi har ya gaji, ta saurara har ƙarshe, sannan ta miƙa masa ƙuli mai zafi.

In na tambaye ta me ya sa ta damu da fitilar haka, sai ta ce Almasihu ya kira kansa haske, ya kuma ce wanda ya bi shi ya bar tafiya a duhu. Takan ce, "Gaskiyar Allah kamar wannan take, ɗiyata. Ba ta faɗa da duhu, zuwa kawai take yi, duhun ya san inda ya nufa." Wani lokaci kuma in mata sun taru ɗibar wuta ta ce, "Ku duba, kowa ta ɗiba, tawa ta ragu?" Ni a lokacin ina ɗaukar maganar tsufa ce.

Daga nan ta samo halin nan nata da ya zame mana alheri ya kuma zame mana masifa: Gwaggo ba ta ƙarya. Ba ƙaramar ba, ba babbar ba, ba ma irin wadda ake yi don a zauna lafiya ba. Ta ce wanda ke tafiya a haske ba ya riƙe baki biyu. Amarya ta kawo mata ɗanɗanon miyarta, ta lasa ta ce, "Gishirin ya yi. Sauran Allah ya kyauta." Da aka kawo maganar aurena na Dungu ta ce, "Mutumin nan bakinsa ya fi gonarsa faɗi." Na yi fushi na wata guda, daga baya na je na auna gonar da idona. Har ya zamana in an yi rigimar iyakar gona ko ta bashin hatsi, waɗanda ke ƙin cin abincinta su ne ke cewa a kira ta shaida.

Innar Gabas ta haihu da yawa ta binne da yawa, namiji ɗaya ya rage mata, autanta. Saurayi ne ƙaƙƙarfa, an riga an kai masa kayan tambaya. Shi ke saro wa Gwaggo icen ƙirya daga daji, ya jefar a tsakar gida ya ce, "Gwaggo, ga abincin dodonki." Ita da ta rasa nata, a kansa ta sauke duk son da ya rage mata. Ƙulin farko na kowane kwaɓi nasa ne.

A shekarar da Nasara suka matsa da ɗibar samari aikin soja, bayan an gama kaka rumbuna sun cika, labari ya zo cewa sunan Auta na cikin waɗanda ake nema. Da sassafe Innar Gabas ta shigo da kaskonta, ina zaune ina tankaɗe. Ba ta ce an kwana ba. Ta durƙusa a bakin murhu ta yi ƙasa da murya.

"Ƙawa, yaron yana cikin rumbun gero. Unguwa duka an haɗa baki a ce ya tsallaka ƙasar Ingilishi, yana Daura. In an tambaye ki, haka za ki ce."

Gwaggo ta ce, "Ko yanka ni za a yi ba zan nuna shi ba."

"Ba abin da na ce ki yi ba ke nan."

Gwaggo ta zuba mata garwashi a kasko. Da Inna ta fita, ta ɗauki gatari da igiya ta ce mini za ta daji, ba za ta dawo ba sai an watse. Ta san kanta, guje wa tambayar take yi. Amma a bakin lungu ta yi kiciɓis da su: gardi, wato sojan Nasara, mai jar hula a kan doki, da dogarai a ƙasa.

Aka tara unguwa. Aka tambayi mai unguwa, ya ce yaro ya tsallaka. Aka tambayi maza, har da Baba, kowa ya ce ya tsallaka. Gardin ya gaji, rana ta fara zafi, ya juya kan dokinsa. Sai wani dogari, ɗan garin nan ne, uwarsa ma tana ɗibar wuta a gidanmu, ya ce, "Ranka ya daɗe, ga tsohuwar can mai gatari. Ita ba ta ƙarya, kowa ya sani. In ta ce ya tsallaka, to ya tsallaka."

Ina jin ma don a rufe maganar ya faɗa. Allah ne ya san zuciyarsa.

Gardin ya ce, "Tsohuwa, an ce addinin Nasara kike yi, ke ai tamu ce. Yaron ya tsallaka?"

Ta ce, "Ni ba taku ba ce. Wanda nake bi bai taɓa ɗaure ɗan kowa da igiya ba."

"To na ji. Ki ce ya tsallaka mu tafi."

Innar Gabas na tsaye kusa da ni, ta kama hannuna ta matse har farcenta ya shige ni. Na ga leɓen Gwaggo yana motsi, na ce a raina ga ta nan za ta faɗa. Ta buɗe baki ta rufe. Sannan ta ce, "Abin da na sani ba zan faɗa maka ba. Abin da ba haka yake ba kuma, ba zan ce haka yake ba."

Gardin ya yi murmushi ya sauko daga doki. Ya zuba mata bulala ya ce ta nuna, ta ƙi. Ya hankaɗe ta ta faɗi a kan hannunta, ƙashin ya karye, har ta mutu hannun bai miƙe ba. Ko da ido ba ta dubi wajen gidan Inna ba. Amma me ya rage? Sun riga sun san yana gari. Suka bi gida gida suna buɗe rumbuna, ba a daɗe ba suka fito da shi, ƙaiƙayi duk a gashinsa. Da za a wuce da shi ya ga Gwaggo a ƙasa, ya ce, "Gwaggo, tashi mana, ƙasa da zafi." Wannan ce maganarsa ta ƙarshe da muka ji.

Da la'asar Innar Gabas ta zo ƙofar gidanmu ta tsaya, ba ta shigo ba. Muryarta ta dushe. Ta ce, "Kalma ɗaya. An ajiye miki ɗana, an ajiye miki kalma ɗaya, kika zaɓi kalmar. Na rantse da wanda ya halicce ni, muddin kina numfashi ƙafata ba ta ƙara shiga gidan nan." Kashegari ta sa aka kafa zana a kan katanga ta ɓangarenta, don kada hasken fitilar ya ƙara faɗawa tsakar gidanta.

Ni ma bayan Inna na bi, har yau kuma rabin zuciyata na can. Ina ɗaure mata hannu ina yi mata faɗa: "Ƙarya ɗaya, Gwaggo! Wa za ta kashe?" Baba ya zo ya zauna ya ce, "Yaya, ko a wurinmu an yarda mutum ya ɓoye gaskiya don ya tsirar da rai. Ni ma ai na faɗa." Ba ta yi gardama ba, abin da ban saba gani ba. Ta daɗe tana kuka, sannan ta ce:

"Malam, ban ce na yi daidai ba. An koya mana maganar Allah fitila ce ta ƙafa. Ba irin ta rana ba ce da za ka hango har ƙarshen hanya, inda za ka sa ƙafa kawai take nuna maka. Na duba, abin da na gani a gabana shi ne kada in nuna shi, kada kuma in yi ƙarya. Gaba da nan ban gani ba. Da na gani, ban san abin da zan yi ba."

Ba ta ƙara kare kanta a gaban kowa ba. Mata suka sake ƙaurace mata, sannan a hankali suka dawo, don yunwa ba ta riƙe fushi. Inna kaɗai ba ta dawo ba. Bayan wasu damuna wani da aka ɗiba tare da Auta ya komo, ya ce tari ya kama shi a hanyar arewa, da hannunsa ya binne shi. Gwaggo ta je gaisuwa, Inna ta juya fuska bango ta ce a fitar da ita. Sai Gwaggo ta zauna a waje bakin ƙofa, cikin rana, har aka tashi daga zaman makokin.

Abu biyu ba ta bari ba. Kowace magariba fitila na kan katanga, zana ko ba zana, tana ɗora ta da hannu ɗaya. Kowace safiya kuma sai ta tona murhu ta zaɓi garwashi mafi kyau ta ware a gefe, ta hana kowa taɓawa. In rana ta ɗaga ba a zo ba, ta tura shi cikin wuta ta kama aikinta. Na sha ce mata, "Gwaggo, mai zuwa ba ta zuwa." Sai ta ce, "Na sani. Wa ya tambaye ki?" Tsokanar nan tata ta ragu, dariyarta ta zama ta baki. A rijiya ko a gidan suna in suka haɗu, Gwaggo ta gaishe ta, Inna ta amsa wa iska.

Da ciwon ajali ya kwantar da ita, ta koya mini binne gungume, tana kwance tana gyara mini da baki, tana cewa har yanzu hannuna na gaggawa ne. Wata rana ta ce, "Ɗiyata, je ki ce wa ƙawata ina tafiya. Ba gafara nake nema ba, na san ta fi ƙarfinta. Ta zo in ga fuskarta kawai." Na je na tarar da Inna tana daka. Na faɗa mata. Taɓaryar ba ta tsaya ba. Ta ce, "Na ji." Na jira ko da ƙari, babu. Da na dawo Gwaggo ta dube ni, ban iya yi mata ƙarya ba, a ɗakin nan ba a yi. Daga ranar, duk takun da ta ji a tsakar gida sai ta ɗaga kai ta ce, "Wa ke nan?" In faɗa mata, ta mayar da kai.

Safiyar da za ta rasu, magana ta riga ta yi mata nauyi, ta jawo ni ta ce, "Kin ware mata nata?" Na ce na ware. Ta ce, "To." Ba ta ƙara magana ba.

A gidan mutuwa ba a ɗora tukunya, maƙwabta ke kawo abinci. Ina cikin mata ana shiga ana fita, ba wanda ya leƙa madafa. Ranar da aka watse daga zaman gaisuwa na je na tona murhu, na tura hannu har ƙasa, toka ce sanyi ƙalau. Wutar da ta girme wa yaran unguwa da yawa ta mutu. Kukan da ban yi ba lokacin da aka fita da ita, a bakin murhun nan na yi shi. Fitilar ma tana nan kan katanga a bushe, tun ranar ba a kunna ba. Na ce shi ke nan, ta tafi da abinta, wadda ta jira kuma ba ta zo ba ko a bayan ranta.

Rana na gab da faɗuwa na ji an yi sallama da wata murya da na daɗe ban ji a gidan nan ba. Innar Gabas ce. Ta tsufa ƙwarai, tana dogara bango, ɗaya hannun riƙe da kasko an rufe shi da murfin tukunya. Ta wuce ni kai tsaye zuwa madafa kamar jiya ta fita. Ta dubi tokar ta ce, "Kun bar ta ta mutu."

Na ce, "Inna, mun bar ta."

Ta durƙusa da ƙyar ta buɗe kaskon. Garwashi ne jawur. Ta juye a murhu, ta karya kara ta jera, ta sunkuya tana hurawa.

"Wutarta ce," in ji ta, ba ta dube ni ba. "Wadda ta zuba mini safiyar da aka kama shi. Da ita na dama wa yaron kunun da ya sha a rumbu. Na rantse ba zan dawo nan ba, na kuma kasa ɗiba a gidan kowa. Sai na riƙe ta. Yadda na ga tana binne ƙirya haka na yi ta yi. Ko ranar da aka kawo mini labarinsa ban bar ta ta mutu ba."

Kara ya kama. Na ga hawaye na bin ramukan fuskarta.

"Na ce wa kaina don shi nake riƙe ta. Zanar nan kuma, ke kin san zana ba ta tare haske. Kullum ina zaune ina ganinsa ta ƙofofin, in ce ga mai taurin kan can ba ta mutu ba. Sai ga shi kwanan nan na duba, baƙi ƙirin." Ta share fuska da gefen zane. "Kada ki ɗauka na sauya magana. Har gobe ina cewa da ta yi ƙaryar. In mun haɗu sai na faɗa mata."

Na ce, "Ta jira ki, Inna. Kowace safiya tana ware miki naki. Maganarta ta ƙarshe ke nan."

Ta ɗaga kai ta dubi katanga. Sannan ta ce, "Kawo mini man."

Na kawo ragowar man da Gwaggo ta matsa da hannunta. Inna ta sauko da fitilar ta zuba, ta murza auduga a cinya, ta kunna da tsinken kara. Ta ce in kama mata zanar, muka ja, igiyoyin sun riga sun ruɓe, ta faɗo ta ɓangarenta. Ta ɗora fitilar a inda take zama. Ta tsaya tana kallon ta, sannan ta ɗaga murya, irin yadda ta ɗaga safiyar damina da ta fara shigowa da kasko, yadda duk wanda ke lungu zai ji:

"Allah ya jiƙanki, ƙawa. Allah ya haskaka miki inda kika kwanta."

Baba na zaure yana alwalar magariba. Na ji ya ajiye buta ya yi gyaran murya. Na jira ya hana, bai hana ba. Sai na ce amin.

Da za ta fita ta ɗauki kaskonta, ba komai a ciki. A bakin ƙofa ta juyo ta ce, "Tawa duka na kwaso, ban bar ko ɗaya ba. Gobe da safe ki ware mini."